Takarda daga Jidda zuwa ga Kawu a Kasuwar Kurmi, kan kalmomin tafiya Makka

Tsofaffin kalmomin tafiya Makka na zamanin ƙafa ne: ayari, madugu, zango, guzuri. Maniyyaci kan fita ta ƙofar gari ya bi Borno da Wadai da Darfur, yana noma a hanya don ya samu na gaba, har ya kai Sawakin ya tsallaka Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru. Wasu ma a Sudan suka yada zango na dindindin, kamar mutanen Mai Wurno da suka bi ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. A lokacin, faso a dunduniya shi ne shaidar alhaji.

Mota da jirgi suka kawo fasfo da biza da kujera. Wapa ta Fagge, inda ake canjin riyal, sunan kamfanin jigilar alhazai ne da su Mahmud Dantata suka kafa a ƙarshen shekarun 1940. Kujerar Hajji kuwa ba ta da ƙafa, amma ta fi sanin hanyar gidan ɗan siyasa.

Kalmar da ta fi bukatar bayani ita ce takari. Asalinta Takrur, tsohuwar daula a bakin kogin Senegal, wadda Larabawa suka laƙaba wa duk mahajjacin Afirka ta Yamma sunanta. A Latinanci peregrinus baƙo ne kawai, daga baya ya zama mai ziyarar ibada. Takari ya yi akasin haka: ibada ta kawo shi, ya wayi gari baƙo a unguwar Shara Mansur ta Makka yana wankin mota. Darasinsa na farko kafili, wanda ke riƙe da wuyansa; na biyu iƙama, katin zama da in babu shi, ganin shurɗa, wato 'yan sanda, kan mayar da gurgu ɗan tsere. Na ƙarshe tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida, ba ko sisin kuɗin jirgi.

Saura tsaraba, wadda Kawu ya rubuto jerinta: zamzam, dabino, bagaruwa, carbi. Carbin dai yawanci daga Sin ake kawo shi, kuma akwai irinsa layi biyu daga rumfar Kawu. Mai wannan takarda na ba da shawarar a saya a Kurmi, a ce daga Makka ne. Zai tabbatar ta waya.