Alhaji, Ajiye Wayar Mu Yi Magana

Ku 'yan "zamani ya lalace", sannunku da ƙorafi. Tun kafin ku gyara zama na san karatun: wai duniya ta haɗe ta zama gari guda, waya ta raba ɗa da mahaifi, zumunci ya rasu har an yi sadakar arba'in. To, Allah ya jiƙansa. Amma Alhaji, wannan dogon wa'azin naka na mutuwar zumunci ta ina ya iso mana? Ba ta WhatsApp ba ne, ka tura wa guruf ɗin dangi, da na 'yan majalisa, da na tsofaffin ɗalibai, duk a dare ɗaya?

Kuna magana sai ka ce Bahaushe bai san hanyar barin gida ba sai da intanet ta zo. Fataken da suka riƙa kora jakuna zuwa Gwanja neman goro watanni suke yi ba a ga ƙeyarsu ba, wasu ma suka yi zamansu a Salaga da Kumasi, suka kafa zango, suka hayayyafa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka nausa gabas, ga jikokinsu can a Mai Wurno ta Sudan har gobe. Mai niyyar Hajji a ƙasa kuwa yafe-yafe yake yi da iyali, ya tafi yana yada zango yana ƙwadago don ƙara guzuri, shekaru su yi ta wucewa. Uwargida ba ta da labarinsa sai a bakin matafiya: "An ce an gan shi wajen Wadai." An ce! Wannan ne zumuncin da kuke share hawaye a kansa?

Ko a jiya-jiyan nan, wanda ɗan'uwansa ke Jidda kaset yake cikawa. A tara gida kaf gaban rikoda, a tsawata wa yara, a kori kaji, sannan Inna ta matso ta fara: "Ina gaishe ka, ina gaida maiɗakinka, ina gaida yara, akuyar nan taka ta haihu." A naɗe kaset a leda a ba wani alhaji. Amsa sai baɗi, in bai mance da shi a ƙasan jaka ba. Mai ƙaramin ƙarfi kuma ya sayi katin gaisuwa, ya jero sunayen dangi, ya kasa kunne a rediyo ko za a karanto.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, lokacin kuɗin layi kaɗai ya isa ya sa magidanci zufa. Yau fa? Hajiya na zaune a tsakar gida a Zinder tana kallon jikanta na Madina ranar suna, har tana faɗa don ba a sa masa hula ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari yana Gwanzu ta ƙasar Sin yana ciniki, yana kuma raba rigimar cefane a gidansa na Kano. In wannan mutuwa ce, to mamacin ya cika surutu.

Ku kuma samarin da ke can gefe kuna tafi, ku dakata, ga naku. Akwai wanda ya yi asara a wannan harka, sai dai su Alhaji ba su gano shi ba: maƙwabci ne. Da, in an yi haihuwa, yaro ake tasawa da goro ya bi gida-gida, ko dattijo ya taka da kansa ya ce gobe akwai suna. Yanzu hoton kati ake watsawa. Na Landan ya sani, na Dubai ya yi barka, wanda kuke haɗa katanga da shi sai dai ya ji kukan rago. Laifinsa ɗaya, ba ya cikin guruf.

Ta'aziyya ma ta koma sitika. An yi rasuwa, kafin a gama haƙa kabari mutum sittin sun turo hoto iri ɗaya mai addu'a, wani ma bai tsaya karanta sunan mamacin ba. Tabarmar zaman makoki kuwa tsofaffi ne a kai, su ma rabinsu kai a sunkuye ana latse-latse.

Wanda na fi tausaya wa shi ne na waje. Nisa a da uzuri ne, yanzu an ƙwace masa shi. Yaron da ke wankin mota a Riyad ko leburanci a Libiya, dangi sun ɗauka shebur yake sawa yana kwasar kuɗi. Gaisuwar safe daban, ta yamma daban, kowace da jela: kuɗin makaranta, kuɗin magani, gudummawar biki. Ya buɗe saƙo bai amsa ba, shi ke nan an kama shi: "Ya gani fa, ya yi shiru!" Ɗan kirki a yau shi ne wanda alat ɗinsa ya riga gaisuwarsa isowa. Kada in manta da sabuwar sarauta: autan gida, wanda ko a rabon nama ba a tuna shi, shi ne admin, yana da ikon fitar da Baffa daga dangi da yatsa ɗaya. An yi, kuma sai da aka kai maganar gaban manya.

Na ji Alhaji na gunaguni, wai ai zumunta a ƙafa take. Gaskiya ne, ranka ya daɗe. To ƙafar taka me ya same ta? Ƙanwarka ba a Sudan take ba, tana nan Kurna, hawa ɗaya ne a Adaidaita Sahu, kuma rabonka da gidanta tun kafin azumi. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci ka wuce can, ka riƙe wa yara ko da rake ne. In ka isa, ka turo mana hoto a guruf mu tabbatar.