Ranar da Kujerun Falo Suka Huta

Amurkawa ba sa wasa da talabijin. A 2019, ƙarshen shirin Game of Thrones bai yi musu daɗi ba, sai mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu wai a sake shi. Daga kan kujera, hannu ɗaya cikin gugguru. Ba a sake ba.

Kotun Ƙoli kuwa ta sake nata. A Yunin 2022 ta soke hukuncin 1973 da ya kare damar zubar da ciki, ta ce jihohi su ji da shi. 'Yan kallo suka juya rimot gaba da baya, babu maɓallin wannan. Dole aka nemo takalmi.

A jihar Kansas, cikin Agusta, kusan kashi 59 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a suka ce a bar damar. Rannan kujerun falo sun huta.