Madugun da Bai San Dutse Ba

Ni mutum ne mai tsari, ko in ce haka nake gaya wa mutane. Shi ya sa da muka shirya zaga tsaunukan Alps da mota, ni da uwargida da wani abokina ɗan Jos da muke zaune gari ɗaya a Munik, ban jira a naɗa ni ba, na naɗa kaina madugu. Na tambayi kowa abin da yake so. Uwargida ta ce tafiyar ƙasa a kan dutse, don likita ya ce ta riƙa motsa jini. Ɗan Jos, Kirista ne kuma ba ya ɓoye ra'ayinsa, ya ce shi dai a kai shi inda ake matse inabi. Ni kuwa tarihi na zaɓa, don a tunanina tarihi a zaune ake kallonsa.

Ƙasashe 8 ne suka raba tsaunukan nan a tsakaninsu, tun daga Monako har Suloveniya, kuma duka na jera a jadawalin farko. Uwargida ta leƙa kwamfutar ta ce, "Maigida, hutu za mu je ko ƙaura?" Na yi mata bayanin Hannibal, ɗan Afirka ɗan'uwanmu, wanda ya tsallaka waɗannan duwatsu da giwaye a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa. Ta tambaye ni giwa nawa ce ta kai ƙarshen tafiyar da rai. Na rage ƙasashen zuwa 5: Jamus, Ostiriya, Italiya, Suwizalan da ƙaramar Liechtenstein.

Lissafin hanya kuwa na yi shi irin na mutumin Kano. In na ga kilomita 150 a taswira sai in rubuta sa'a biyu, kamar mai zuwa Zariya. Taswira a shimfiɗe take, ni ma a shimfiɗe na ɗauke ta. Sannan na zaɓi farkon watan Mayu saboda ɗakunan otal sun yi araha. Ban tsaya na tambayi dalilin arahar ba, alhali tun ina yaro nake jin ana cewa araha ba ta ado.

Tun a Ostiriya aljihu ya fara magana. Sai ka sayi takardar izinin hawa babban titi, wadda suke kira vignette, sannan in ka doshi mashigar Brenner a sake karɓar wani kuɗin daban. Da ka shiga Italiya kuma sai shingen karɓar kuɗi ya tarbe ka. Ɗan Jos ya ce, "Malam, wannan na cikin layi na nawa a jadawalin?" Na ce ya bar direba ya mai da hankali.

Na kama mana ɗaki dare ɗaya a Bozen, dare na biyu a Bolzano, har na ware sa'a guda don tafiya tsakaninsu. Ashe gari ɗaya ne. Yankin Tirol ta Kudu na Ostiriya ne har zuwa yarjejeniyar 1919 da ta miƙa shi ga Italiya, mafi yawan mutanensa har gobe Jamusanci suke yi, don haka kowane gari suna biyu gare shi. Washegari muka haɗa kaya, muka loda a mota, muka yi sallama da mai otal, na kunna na'urar nuna hanya, ta ce saura minti huɗu mu isa. Shirun da aka yi a motar nan ya fi zagi ciwo.

Amma Allah mai rufin asiri. Ranar farko Litinin ce, gidan tarihin da na zo dominsa a rufe yake. Wannan dare na biyu shi ya ba mu damar ganin Ötzi ranar Talata, kuma ban ji kunyar cewa dama haka na tsara ba. Wasu Jamusawa masu yawon dutse ne suka tsinci gawarsa a cikin ƙanƙara a 1991, a tudun da ya haura mita 3,200, bayan ya kwanta can kimanin shekara 5,300. Da farko an ɗauka a Ostiriya yake, da aka auna sai aka ga ya shiga Italiya da mita 92. Ta wata 'yar taga ake leƙa shi, yana kwance a ɗakin sanyi, fatarsa ta bushe ta yi ja, hannunsa na hagu a gicciye kan ƙirji. A gefe ga gatarinsa na jan ƙarfe, ga hular fatar beyar, ga takalmi da aka cusa wa ciyawa don ɗumi. Akwai kan kibiya a kafaɗarsa ta hagu, ta baya aka harbe shi. Uwargida ta daɗe tana kallon takalmin ciyawar, sannan ta sunkuya ta kalli nawa, wanda na saya da kuɗin da ya isa cefanen wata. Ba ta ce komai ba.

Takalmin ya samu ranarsa a kusa da Meran. Manyan hanyoyin dutse duk suna ƙarƙashin dusar ƙanƙara a wannan lokaci, bukkokin kwana na sama ba a buɗe su ba, to ga dalilin arahar nan. Aka nuna mana wata siririyar hanya da ke bin tsohuwar magudanar ban ruwa ta Marling, kilomita 12 a tsakanin gonakin tuffa da inabi, kusan babu hawa babu gangara. Na fito da sanduna biyu, da jakar goyo, da fitilar goshi. Allunan hanya a can sa'o'i suke rubutawa, ba kilomita ba, kuma ban san ƙafar wa suka auna ba, amma ba tawa ba ce. Wata tsohuwa da ta kusa yin jika da ni ta wuce mu da ɗan karenta, ta gaishe mu, ta je inda za ta, ta dawo ta sake gaishe mu, ni ina zaune a kan benci ina binciken igiyar takalmi.

Sai ranar ɗan Jos. Akwai titi guda a yankin da aka keɓe wa gonakin inabi, yana ratsa ƙauyen Tramin, inda inabin Gewürztraminer ya samo sunansa. A nan na gane dalilin da ya sa bai taɓa musu da jadawalina ba: ya samu direban da ba ya sha, kuma kyauta. Shi yana ciki yana jujjuya kofi yana shinshina, ni da uwargida muna waje a kan dakali da ruwan tuffa. Ya fito da kwali. Na ce, "Oga, ka sha abinka, tsakaninka da cikinka, amma kwalba ba za ta hau motar da nake tuƙi ba." Ya ce motar ta haya ce, kuma kashi ɗaya cikin uku nasa ne, a kasonsa zai ajiye. Uwargida ce ta raba gardamar, aka aika masa kwalin gida ta gidan waya, ni na biya rabi. Abinci ma sai da taka-tsantsan, don akwai wani busasshen naman alade da suke yankawa ƙanana su zuba a kusan komai. Dambun naman da uwargida ta ƙullo, wanda na yi wa dariya a gida, shi ya riƙe mu.

Kambun jadawalin shi ne mashigar Stelvio: tsayin mita 2,757, kwana 48 masu kaifi a ɓangaren da za mu hau, titin da daular Ostiriya ta gina tsakanin 1820 da 1825. Na kalli bidiyonsa har na haddace. Muka wuce ƙauyen Trafoi kaɗan, sai ga ƙarfe a gicciye da jan allo. Ba a buɗe shi sai wajen ƙarshen Mayu, in dusar ƙanƙara ta yarda. Na fito na tsaya na riƙe ƙugu, ina duban ƙarfen kamar zai ji kunya ya ɗaga. A gaskiya wani sanyi na ji a raina, don 'yan kwanonin da muka riga muka sha sun sa tafin hannuna ya jiƙe, amma na yi ta tsaki don a san an ɓata mini shiri. Napoleon ma da ya tsallaka mashigar Saint Bernard a watan Mayun 1800 a kan alfadari ya yi, mai zane ne ya ɗora shi a kan ingarma.

Muka juya muka shiga Suwizalan ta Müstair. Mashigar Flüela ita ma a rufe, don haka aka loda motarmu a kan jirgin ƙasa, muna zaune a ciki, aka ratsa da mu ramin Vereina mai kilomita 19 a cikin duhu. Tafiyar mota da na yi wata da watanni ina tsarawa, ga motar ita ma ta zama fasinja. Daga nan sai vignette ta Suwizalan, faran 40, ta shekara guda ce kawai suke sayarwa, mu kuwa ba mu yi sa'a ɗaya a babban titinsu ba. A Vaduz na biya kuɗi aka buga mini hatimi a fasfo don tarihi, ɗan Jos kuma ya gano cewa Yariman ƙasar ma yana da gonar inabi.

Da muka dawo muka zauna kallon hotuna, babu ni ko a ɗaya, don ko ina tuƙi ko ina riƙe da waya. Bayan 'yan makonni sai ga wasiƙa daga hukuma, ta biyo ta hannun masu motar haya. A hanyar dawowa, da na ga titi ya miƙe a ƙasar Jamus, ashe na taka fiye da kima. Ga tara, ga hotona baƙi da fari, na ƙanƙame sitiyari, baki a buɗe. Uwargida ta ce in biya tarar amma in bar mata takardar, za ta tura wa Hajiya a Kano, don ta daɗe tana tambaya ko da ni aka yi tafiyar.