Zanen da Bai Shiga Uku Ba, Ba Mai Kallonsa

Duk mai zanen da ke mafarkin wata rana a rataya aikinsa a zauren baje koli, abu uku ne ke hana shi barci: kada ɓarawo ya ɗauke, kada 'yan jarida su mayar da shi abin dariya, kada wani ya ɓata masa. Ni kuwa na ce an ajiye tsoron nan inda bai dace ba, kuma shaiduna biranen Ingila biyu ne, Manchester da Birmingham. Abin tsoro na gaskiya shi ne a rataya zanenka lafiya, a sauke shi lafiya, ba wanda ya ce uffan. Wani bincike da aka yi a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, aka wallafa a 2001, ya gano cewa mai kallo kan tsaya gaban zane kimanin sakan 27 ne, kuma fitattun zanukan duniya ake magana, ba na ƙanin abokinka ba. Mutum ya goya hannu a baya, ya karkata kai, ya gyaɗa kamar an gaya masa wata hikima, ya karanta 'yar takardar da ke gefe, ya zarce wurin shan shayi. Duk wadda ta taɓa zuwa ganin jeren amarya ta san dokar: ɗakin da komai ya zauna daidai "Allah ya sanya alheri" kawai yake samu, wanda kabet ya rufto da tangaran ana tsakiyar guɗa kuwa, shi ake labari har ranar sunan fari.

A ƙarshen Afrilun 2003 ma'aikatan gidan zane na Whitworth, mallakar Jami'ar Manchester, suka tarar babu zane uku: na Van Gogh, na Picasso da na Gauguin. Washegari wani ya bugo wa 'yan sanda waya bai faɗi sunansa ba. Aka je aka same su a wani tsohon ban-ɗakin jama'a da aka daina amfani da shi, jifa kaɗan daga gidan, an nannaɗe su an cusa cikin bututun kwali, laima ta taɓa su, na Van Gogh har ya ɗan yage. Ɓarayin ba su tafi haka nan ba, sai da suka bar takarda cewa su ba sata suka yi niyya ba, so suke su nuna yadda tsaron wurin ya lalace. Ga ɓarawo, ga wa'azi. Zanukan nan sun yi shekaru a Manchester suna zaman lafiya, wanda ya san da su sai malaman fannin. Kwana ɗaya da suka yi a makewayi ya kai sunansu jaridun duniya, aka gyara su aka mayar bango, mutane suka zo ganin waɗanda suka sha da ƙyar. Da Picasso na raye, ban san ko godiya zai yi ko ƙara zai kai ba.

To, wannan hannun ɓarawo ne. Na 2018 masu gidan ne da kansu. A babban gidan zane na birnin Manchester, da ke titin Mosley, akwai wani aikin John William Waterhouse na 1896, inda 'yan matan ruwa bakwai marasa sutura ke janyo wani saurayi cikin tafki. A ƙarshen Janairu aka sauke shi, a wani shiri da mai zane Sonia Boyce ta jagoranta don a tattauna yadda ake nuna jikin mata, aka kwashe har katunansa daga kantin gidan, aka bar wa jama'a ƙananan takardu su rubuta ra'ayinsu su manna a gurbin. Sai ƙura ta tashi. Masu cewa an danne 'yancin fasaha, masu cewa dama ya isa haka, kowa ya wasa alƙalami. Cikin mako guda aka mayar da shi. Abin da nake so a lura da shi: bango tsirara ya tara jama'ar da 'yan mata bakwai suka yi shekara fiye da ɗari ba su tara ba. Kuma gidan ba baƙon irin wannan ba ne. A Afrilun 1913 wasu mata uku masu fafutukar 'yancin jefa ƙuri'a sun shiga da guduma suka farfasa gilasan zane 13, kuma yau an fi tuna gudumar fiye da sunayen zanukan.

Birmingham ma ba a bar ta a baya ba. A 1972 Nicholas Monro ya ƙera mutum-mutumin goggon biri, King Kong, mai tsayin fiye da mita biyar, aka kafa shi a Bull Ring, tsakiyar kasuwa. Wata shida ya cika, hukumar birni ta ce ba ta saye. Wa ya saya? Dillalin tsofaffin motoci, ya kafa shi a filinsa yana yi masa talla. Daga nan birin ya yi ta yawon duniya har kasuwa a Edinburgh, mutanen Birmingham kuwa suka kama begensa, har a 2022, lokacin wasannin ƙasashe renon Ingila, aka ƙera sabo wanda ya fi na farko girma. Da hukuma ta saye shi tun farko, da yanzu tattabaru kawai ke kula shi. A Disambar 2019 kuma Banksy ya zana barewa biyu suna jan wani benci a unguwar maƙeran zinariya, don tuna wa mutane masu kwana a titi. Ba a jima ba wani ya zo ya shafa musu jan hanci, aka yi maza aka rufe bangon da roba mai kama da gilashi. Labari ɗaya ya zama biyu.

Za a ce mini surutu daban, daraja daban, kuma aiki mai kyau shi ke sayar da kansa. Za a kawo L. S. Lowry, wanda ya yi shekara fiye da arba'in yana karɓar kuɗin haya gida-gida a Manchester, yana zanen masana'antu da sirarran mutane da dare, bai taɓa tayar da rigima ba, har lambobin girma na gwamnati sau biyar yana mayarwa, amma a 2022 aka sayi zanensa na masu tafiya kallon ƙwallo fam miliyan 7.8. Na yarda. Sai dai a duba lissafin da kyau. An haife shi a 1887, bai samu baje kolinsa shi kaɗai a Landan ba sai 1939, ya haura hamsin, shi ma don wani dillalin zane ya ci karo da ayyukansa a shagon masu saka firam. Miliyoyin kuwa sun iso shekara 46 bayan an binne shi. In wannan ne sakamakon zaman lafiya, to haƙurin na magada ne. Chris Ofili, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a Manchester a 1968, bai jira ba. Ya kawo kashin giwa ya manna a zanukansa, ya kuma ɗora su a kan dunƙulensa maimakon ƙusa. Yana ɗan shekara 30 ya ci lambar Turner. A 1999 magajin garin New York, Rudy Giuliani, ya yi barazanar yanke wa gidan tarihi na Brooklyn kuɗi saboda wani zanensa da ya taɓa addini, kuma ban ga laifin waɗanda ransu ya ɓaci ba. Zanen dai an sayar da shi fam miliyan 2.9 a 2015. Giwayen Yankari na can suna zubar da jari a daji.

Wani zai ce ai ba kowace gobara ce ta Titi ba, wata ƙurmus take yi. Ga misalinsa a hannu: wani dogon ƙarfe mai tsinke 180 da Thomas Heatherwick ya kafa kusa da filin wasan Manchester City, mita 56 a sama. Saura kwanaki a buɗe shi a Janairun 2005 kan wani tsinke ya faɗo, daga baya aka killace wurin don kada fasaha ta tsire mai wucewa, a 2009 aka sassare shi, hukumar birni ta karɓi diyyar fam miliyan 1.7. Aikin ya mutu, ba musu. Mai aikin fa? Shi aka ba ƙera kaskon wutar gasar Olamfik ta Landan a 2012, shi ya tsara sabuwar jar bas ta birnin.

Hujjar da ta fi ba ni wahala ita ce ta ƙarshe, kuma ba zan yi kamar na kayar da ita warwas ba: ɓarawo ma yana da ido. Whitworth na da dubban ayyuka, uku kawai aka zaɓa, sauran aka bar su a bango da kunya. Sabon mai zane da ya kai aikinsa baje kolin kowa-da-kowa da cibiyar HOME ta fara a Manchester a 2020, ko na ƙungiyar masu zane ta RBSA a Birmingham, zai tarar da kansa cikin ɗaruruwa, firam na gogar firam, kuma ko ya bar taga a buɗe ba mai wahalar da kansa. Hayar ɓarawo kuwa, ko guduma, hanyar gidan yari ce, ban aiki kowa ba. Abin da ya rage masa shi ne dabarar masu zane huɗun da suka buɗe gidan Ikon a 1965. Da suka ga manyan zaure ba su da gurbinsu, sai suka kama wata 'yar rumfar gilashi a cikin kasuwar Bull Ring, inda mai sayen kifi da mai neman takalmi dole su bi ta gaban zane, su tsaya, su yi tsaki, su kira na kusa ya zo ya ga shirme. Rumfar ce yau ta zama gidan da ke tsohuwar makarantar titin Oozells tun 1998, shiga kyauta, da wurin shan shayinsa a ƙasa.