Esi Ma Tana Son Wanka

Da zarar esin taga ta daina sanyi, sai maigida ya yanke hukunci: gas ya ƙare. Alhali gas ɗin nan ba kananzir ba ne, zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu, ba ya raguwa sai in bututun ya huje. Yawanci ƙurar hunturu ce ta toshe ragar gaba, iska ta rasa hanya, ƙanƙara ta daskare a ciki, mai ɗaki yana ta gumi. Wani zai ce ai Nepa ba ta barinta ta yi aiki, balle datti. To, ƙura ba ta jiran a kawo wuta. A zare wayar, a ciro ragar, a wanke, a shanya. Kafin bazara dai, don Allah.