Zuwa ga Star Alliance, daga tashar motar Abala

Na fara ganin tambarinki a filin jirgin Diori Hamani na Yamai, ranar da na raka ƙanena zai tafi karatu. Ƙaramin tauraro ne mai tsini biyar a gefen ƙofar jirgin Turkish Airlines. Daga baya na gane tsinin biyar na kamfanonin da suka kafa ki ne a watan Mayun 1997: United, Lufthansa, Air Canada, Thai Airways da SAS. Kishiyoyinki ba su daɗe ba suka biyo sawu, Oneworld a 1999, SkyTeam a 2000.

Ina rubuto miki daga Abala, ƙasar Kurfai, inda jirgi ke wucewa can sama kamar zaren auduga. Kada ki ce me ya haɗa kifi da kaska. Lissafin da masananki ke yi da kwamfuta, direbobinmu suna yin sa da ka.

Masu boko suna ce masa ilimin dabarun wasa. John von Neumann da Oskar Morgenstern suka aza masa harsashi a 1944, John Nash ya ɗora a 1950. Tushensa abu guda ne: ribarka ba ta rataya ga abin da ka yi kaɗai ba, har da abin da abokin karawarka zai mayar maka. Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban dara, da tsinke a hannunsa, abokin wasa da kashin raƙumi, ya san haka. Ba ka sa ɗa a gurbi sai ka hango inda wancan zai sa nasa.

A ce direbobi biyu suna lodin Filinge. Kowane yana raya cewa in ya rage ɗari biyar zai kwashe fasinja. Ɗaya ya rage, ɗayan ma ya rage, kowa ya koma gida da kuɗin mai kawai, kuma babu mai iya ƙarawa shi kaɗai don za a bar masa mota fanko. Wannan tarkon ne Nash ya yi wa lissafi. Maganin da tasha ta samo shi ne sandika da layi: mota ɗaya ke lodi, kuɗi ɗaya ne, ɗan kamasho na riƙe da takarda. Ke ma sandika ce, ta masu kwat.

Amma bari in yi miki adalci, don haɗin kai iri biyu ne, kuma nan ne hankalina ya fi tsayawa. Ɗauki direban Abala zuwa Filinge da direban Filinge zuwa Yamai ta Baleyara. Waɗannan ba kishiyoyi ba ne, kowane rabin tafiya yake sayarwa. In kowa na yanka kuɗinsa shi kaɗai, zai tsawwala, bai damu ba cewa tsadarsa tana korar fasinjan ɗan'uwansa ma. In suka haɗa aljihu, sai su ga sauƙaƙawa ta fi musu, don wanda ya fasa tafiya asarar su biyu ce. Wani Bafaranshe, Augustin Cournot, ya nuna haka tun 1838, da misalin mai jan ƙarfe da mai tutiya waɗanda maƙerin tagulla ke buƙatar kayansu duka biyu. Nan kam kina da amfani: tikiti ɗaya daga Yamai zuwa Istanbul zuwa wani birni, jaka ta bi mutum har can. Amma in masu hanya ɗaya ne suka haɗa aljihu, kamar yadda manyanki suke raba kuɗin shiga a kan tekun Atlantika da izinin hukumomin Amurka, fasinja ba shi da wata mota da zai koma wa. A tallanki kashi na farko kawai nake gani.

Mu kuma a Nijar dararmu ta ragu. Air Afrique, wadda ƙasashenmu suka kafa tare a Yawunde a 1961, ta mutu a 2002. Air France, uwar gidan SkyTeam, ta dakatar da zuwa Yamai a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Aka bar miki fili da Turkish da Ethiopian, wadda ta shigo gidanki a 2011 kuma take da hannu a ASKY ta Lome. Oneworld na da Royal Air Maroc tun 2020. Ƴan wasa kaɗan, kowa ya san kowa, kuma gobe ma za su haɗu. Ilimin da na ambata ya ce a irin wannan zama ba sai an yi shawara ba: kowa ya san in ya karya farashi yau za a rama masa gobe, sai duk su kame. Haka kuwa dillalan kara suke yi ranar kasuwa, ido kawai suke haɗawa.

Abin da ke ba ni ɗan sanyi shi ne ke ma ana karya miki layi. Emirates ta ƙi shiga kowace ƙungiya, ta zama kamar mai ɗaukar fasinja a bakin titi, ba ta mutu ba kuwa. Sannan a Satumban 2024 SAS, ɗaya daga tsinin tauraronki, ta kwashe kayanta ta koma SkyTeam bayan Air France-KLM ta sayi hannun jari a cikinta. Dara ta ci gida ke nan. Na lura ba ki rage tsinin ba.

Roƙona guda ne. Ranar da masananki za su zana mana hanya, su tambayi kansu wane irin haɗin kai ne a kan Yamai, na masu rabin tafiya ko na masu hanya ɗaya. Ƙanena zai zo hutu bana, kuma raguna biyu na riga na ware domin tikitinsa.

Naki,
wani mai jiran mota ta cika, Abala.