Lokacinsa Ne!

Daren Laraba ina kwance a tsakar gida ina fifita da murfin kwali, sai ga waya daga Ghana. Ɗan baffana ne, haifaffen Zangon Kumasi, wanda duk abin da ya sani game da Kano a bakin tsofaffi ya ji shi. Da muka gama gaisawa sai ya ce, "Yaya, bana dai na ƙudura zan zo in ga dangi. Wane wata ya fi daɗin zuwa, kuma me zan zuba a jaka?"

Na ce ya ba ni kwana biyu. Magana mai nauyi irin wannan ba a yanke ta a kan tabarma. Da safe na kai ta majalisarmu, wato bencin mai shayin da ke bakin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, kusa da Court Road, inda kullum ake warware matsalolin duniya kafin shayi ya huce: farashin masara a Dawanau, rikicin Gabas ta Tsakiya, da wanda ya dace ya horar da Kano Pillars. Mu bakwai ne a zaune. Na riƙa kiran watanni ɗaya bayan ɗaya, kowanne na ambata sai an sami wanda ya rantse cewa in baƙon ya zo a cikinsa ba zai ƙara marmarin Kano ba. Muka ƙure Disamba babu watan da ya tsira. Mai shayi ya ajiye ludayinsa ya ce, "To Malam, ka ce masa ya turo hotonsa kawai, ma gaisa."

Waɗannan mutanen da suka tsine wa shekara kaf, da za ka tare su ɗaya-ɗaya a hanya ka ce, "Yaya sanyi?" amsar guda ce: "Lokacinsa ne." Yaya zafi? Lokacinsa ne. Yaya ruwa? Ruwa ya yi gyara, ko da kuwa katangar gidansa ruwan ya kwantar jiya. A baki babu wanda ya kai mu sanin lokaci. A aikace kuwa, kowane yanayi yakan same mu kamar baƙon da ya faɗo tsakar dare babu sanarwa, alhali tun zamanin Bagauda a watanninsa yake zuwa.

Hunturu aka fara yi wa shari'a. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zo ta juye mana ita kyauta, ba kuɗin mota ba na dako. Gari ya yi fari fat, rana ta koma kamar faifan da aka rataye, kowa ya fito da furfurar aro a gira. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, amma har gobe in hazo ya ga dama sai ya hana jirgi ganin filin Malam Aminu Kano, matafiyi ya wuni a Abuja yana cin biskit. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 13 ko 14. A Rasha wannan ranar shan iska ce. A nan Tarauni kuwa ranar ta-ɓaci ce. Sai ka ga magidanci ya saka singileti, ya ɗora suwaita, ya ɗora kaftani, ya ɗora jibgegiyar rigar gwanjo da aka ɗinka don masu aikin haƙar mai a ƙanƙarar Kanada, ya ja hular sanyi har ta rufe kunne, sannan a ƙasa ya zura silifas. Wai sanyi ba ya kama ƙafa. Faso da kaushi dai sun san gaskiya.

Rigar nan kuwa ba a tuna ta sai ranar da muku-muku ya sauka. Ranar ce kowa zai ruga Ƙofar Wambai a tsaya a kan mai fasa dila ana ƙorafin ya tsawwala. Ta bara tana ina? An ba almajiri tun watan Maris, da rantsuwar cewa sanyi ya tafi ke nan. Wani dattijo a majalisa, da muke kira Baba, ya ƙara da nasa dalilin: "Kada yaron nan ya zo da hunturu. Lokacin ne ake yajin wanka, kuma babu ƙungiyar da ta kira shi." Ya yi gaskiya. Mutum ya wanke fuska da hannu da ƙafa, ya mulke su da basilin har suna ƙyalli, ya fesa turare, ya shiga a daidaita sahu ya matse bayin Allah. Sahun Asuba ma yakan rame a watannin nan, sai liman ya waiwaya ya ga waɗanda suka fi ƙarfin bargo kaɗai.

Na ce to, ya bari sanyi ya wuce. Nan fa aka yi mini ca. Daga Maris zuwa Mayu rana ba ta da uwa ba ta da uba. A Afrilu ma'auni kan haura digiri 40, kwalta ta yi laushi, ruwan randa ya koma na haɗa shayi, fanka in an yi sa'ar wuta ta riƙa feso iska kamar daga bakin tanderun gurasa. Mutanen da suka yi wata uku suna addu'ar Allah Ya kawo zafi su huta, su ne yanzu ke cewa ai sanyi rahama ne, ko ba komai kana iya lulluɓa. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da ke nan maƙwabtanmu a titin Zariya, da sauran ma'aikatan lafiya, duk shekara sai sun ja kunne: lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, a sha ruwa da yawa, a daina cunkushewa a ɗaki, a sa tufafi marasa nauyi.

Mun ji, mun kuma gode. Sai ranar Asabar ta zo da ɗaurin aure ƙarfe goma sha ɗaya na rana. Ka ga Alhaji ya fito cikin gezna da ta sha sitati da bugu har tana iya tsayawa da ƙafarta ba mutum a ciki: wando, 'yar ciki, malum-malum mai aiki har gwiwa, ga hula an kafa. Gumi na bin bayansa kamar an kunna famfo, amma ka ce masa, "Ranka ya daɗe, da ka rage ko babbar rigar ce," sai ya dube ka kamar ka ce ya fito tsirara. Wajen mata kuma leshi mai duwatsu ne da ɗauri hawa uku, da kwalliyar da aka biya kuɗi aka zauna awa biyu ana zanawa, kafin a kai ga ɗaukar hoto girar hagu ta gangaro ta gaishe da kumatu. Mu ba yanayi muke yi wa shiga ba, idon jama'a muke yi wa, shi kuwa idon jama'a bai san bazara ba.

A wannan lokacin ne kuma zumunci yake sauya alƙibla. Duk mai sola da firji a layi ya zama ɗan'uwa na jini. Wanda ba ka gaishe shi ba tun Sallar bara, yanzu kai ne har ƙofar gida: "Alhaji, ya iyali? Dama yara ne suka ce ko za a ɗan saka mana wannan a firji." Azumin 2024 da ya faɗo a Maris da Afrilu ya nuna mana matsayin mai ƙanƙara: layinsa ya fi na gidan mai, yana miƙo ƙullin leda kamar mai raba Zakka. Da yake azumi na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, a 2030 cikin Janairu za a yi shi. Ina nan da ku, in Allah Ya kai mu, za ku ji an koma kukan cewa tashin sahur cikin jaura ya fi ƙishirwar Afrilu wuya.

Damina fa, uwar albarka? Takan fara leƙowa a Mayu, ta zauna a Yuni, ta kai ƙarfinta a Agusta lokacin marka, ta yi sallama wajen ƙarshen Satumba. Wata bakwai cur muna da su na shiri. Me muke yi da su? Muna ɗura wa kwata ledar fiya wata, robar lemo, ɓawon rake da tsohuwar katifa. Asabar ɗin ƙarshen wata da aka ware don tsaftar muhalli, aka hana zirga-zirga da safe, mun mai da ita ranar ramuwar barci. Mai gini ya sauke yashinsa a kan magudana, mai shago ya toshe kwalbati don ya sami wurin kafa benci. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, kwata ta amayo mana ajiyarmu har tsakar ɗaki, sai mu fito da wando a naɗe muna tambayar ina gwamnati. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Lema kuwa Bakano bai yarda da ita ba. Ta sarki ce ranar hawa, sai ta mai sayar da katin waya. In ruwa ya tsuge, abu na farko da magidanci zai ceta shi ne hularsa: ya cire Zanna Bukar ya ƙulle a leda ya soke a hammata, ya bar kan da aka saya wa hular yana shan duka. Masu babur su dunƙule a ƙarƙashin gadar Ɗangi kamar kaji, ɗan a daidaita sahun da ɗazu yake roƙonka ka hau, yanzu ya ɗaga kai ya ce in ba shata ba ba ya zuwa Unguwa Uku. Mai mota kuma ya zo ya watsa maka ruwan kwata a farar shadda, ya ɗaga maka hannu, wai ya ba da haƙuri. Da daddare sauro ya karɓi aiki, gidan sauron da aka raba mana kuwa yana bayan gida an kewaye tumatir da shi.

Saura kaka. Na ce a nan dai ba ku da ta cewa: Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, sanyi bai kankama ba, ga sabuwar gyaɗa, ga rake, ga dankali, hatsi ya shigo kasuwa. Baba ya girgiza kai. "Ɗana, ka manta zafin agazari? Wannan ma ƙarami ne. Kaka lokacin biki ce. Yaron nan in ya sauka aka ji daga ƙasar waje yake, kafin ya kwance jaka an sa shi a anko huɗu da gudummawa shida. Da kuɗin motar komawa zai biya."

A hanyar gida na tuna yadda dangin namu suka je Kumasi tun farko. Kakanninmu fataken goro ne. Sukan ɗaure kanwa da jar fata da baƙin rini irin na Ƙofar Mata a bayan jakuna, su bi madugu wata da watanni har Salaga a ƙasar Gwanja. Ba su da hukumar hasashen yanayi, ba su da waya mai nuna hadari. Amma sun san ba a tashin ayari sai ruwa ya ɗauke, rafuka sun janye, hanya ta bushe, kuma tun kafin ranar an tanadi guzuri da igiya da mangala. Su ne suka bar mana maganar cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Mu jikokinsu, da wayar kasuwar Farm Centre a aljihu tana faɗa mana za a yi ruwa ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu saura kwata muke shanya.

Daren Juma'a na kira ɗan baffana na ba shi sakamako. Na ce, "Ƙanena, in don jin daɗin jiki ne, ka zo tsakanin tsakiyar Nuwamba da farkon Disamba. In kuma hawan Sallah kake son gani, sai ka bi wata, ka karɓi duk yanayin da ka tarar. In da hunturu ne, ka riƙo man kaɗanya da takunkumi da suwaita ɗaya, ɗaya tak, kada ka yi koyi da mu. In da bazara ne, yadi mara nauyi da fanka mai caji. In da damina ne, takalmin roba da gidan sauro, lema kuma ka riƙe abarka ko za a yi maka kallon baƙo."

Ya ce, "Yaya, kayan ai da yawa."

Na ce, "To bar su duka. Ba ka ji kirarin garin ba? Ko da me ka zo an fi ka. Rigar sanyi tana Wambai, yadi yana Kwari, fanka tana Sabon Gari. Abin da ba za ka samu a kasuwa ba shi ne wurin zuba tsaraba. Ka taho da babbar jaka wadda ba komai a ciki, don gwaggonninka sun riga sun fara tanadin kuka da daddawa da kilishi, kuma ba a ce musu an gode ya isa."

Ya yi dariya ya ce, "Yanzu ya garin? Na ji an ce zafi ake."

Ina zaune a duhu, gumi ya jiƙa wayar har tana zamewa, na ji bakina da kansa ya ce, "Lokacinsa ne."

Ban rufe baki ba iska ta taso daga gabas, ƙofar langa-langa ta buga, ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Daga ɗaki uwargida ta ɗaga murya: "Malam, kwanon nan da ka ce tun Agustan bara za ka kira kafinta ya duba, ka kira shi?"

Na ce wa na Kumasi ya yi haƙuri zan sake kira. Na tashi neman bokiti da robar wanki.